SinoTrack ST-901 a jikin moto: abin da take iyawa kafin ɓarawo ya kai Ɗan Isa

Daga tsakiyar Maradi zuwa Ɗan Isa kusan kilomita 40 ne a kan kwalta, iyakar Najeriya kuma tana ɗan gaba kaɗan. Wanda ya tada moton da ba nasa ba a bakin babbar kasuwa, in ya riƙe gudun kilomita 60, kafin awa guda ta cika ya bar ƙasar. In ya san hanyoyin yashi da ke ratsa ƙauyukan Madarunfa ma, ba sai ya bi ta shingen kowa ba. Da wannan awa guda ya kamata a auna duk wata na'urar bin sawu da ake sayarwa a garin nan. Ba a tambayar ko tana nuna ɗigo mai kyau a taswira ranar da aka ɗaura ta. Abin tambaya shi ne ko za ta sa ɗan sanda ko jandarma ya tsaya a wurin da ya dace kafin lokacin ya ƙure.

ST-901 ta kamfanin SinoTrack na ƙasar Sin tana cikin masu arha na wannan layi, masu shago kuma suna kiranta tiraka ko GPS kawai. A ganinmu ta ci kuɗinta ga ɗan kabu-kabu, da mai adaidaita, da mai moto biyu uku da ya ba yara suna kawo masa kuɗin yini. Amma ita kanta na'urar rabin aikin ce. Sauran rabin yana hannun wanda ya ɗaura ta, da layin da aka sa mata, da shirin da mai ita ya yi tun kafin ranar tashin hankali.

Cikin kwalin za ka ga baƙar roba da ba ta cika tafin hannu ba, da igiyar waya, da takarda a manne a bayanta mai ɗauke da lambar na'urar. Iri biyu ne a kasuwa, kuma a nan ake fara cutar mai saye. Akwai mai waya uku: ja ta wuta, baƙa ta ƙasa, ruwan lemo ta kontak. Akwai mai waya huɗu, wadda aka ƙara mata rawaya da ke tafiya zuwa rile, ɗan makunnin da ke kashe inji daga nesa. Mai waya uku ba ta kashe moto ko da an yi mata addu'a, kallo kawai take yi. Don haka kafin a yi ciniki a buɗe kwalin a ƙirga wayoyin, a tabbatar rile ɗin yana ciki kuma na bolt 12 ne, ba na 24 da ake sa wa manyan motoci ba. Farashi yana bambanta daga shago zuwa shago, wani kuma yana cire rile ya sayar da shi dabam.

Ayyuka biyu take yi, kuma mutane suna gauraya su. Na farko, tana sauraron taurarin GPS da ke shawagi kimanin kilomita 20,200 sama da ƙasa. Tana buƙatar aƙalla huɗu kafin ta lissafa inda take, wannan kuwa ba ya cin kiredi, ba ya neman rezo. Na biyu, tana aika abin da ta lissafa zuwa salularka, wannan ne ke buƙatar layi mai rai. Kowane ɗaya yana iya mutuwa ɗayan na aiki. Moton da aka tura cikin shago mai rufin kwano aka ja ƙofar ƙarfe, rezo yana nan amma taurari sun ɓace. Moton da ke cikin dajin Babban Rafi, taurari fes a samansa amma babu eriyar da zai yi magana da ita. Fitilu biyu na jikinta su ke faɗa maka wanne ne wanne: shuɗiya ta taurari, ɗayar ta rezo. Ƙiftawa na nufin tana nema, tsayawa cak na nufin ta samu. A fili, ba rufi, kuskurenta bai cika wuce mita 10 ba. Wannan ya isa ya nuna maka ƙofar gida a unguwar Zariya inda tituna suke a miƙe. A lungunan Mokoyo ko Bagalam, inda katanga ke jingine da katanga, mita 10 na iya zama gida biyu ko uku. A riƙe wannan, don zai dawo idan an zo maganar 'yan sanda.

Layi. Ainihin ST-901 a kan 2G take aiki, akwai kuma ST-901L mai 4G da ta fi tsada. Ga moton da ke yawo tsakanin gari da ƙauye, 2G ba aibi ba ne, don ita ce ta fi kaiwa nesa a karkara, abin da na'urar ke aikawa kuma bai taka kara ya karya ba. Kowane rahoto 'yan haruffa ne, 'yan mega kaɗan sun ishe ta wata guda. Zaɓi tsakanin Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms ba na talla ba ne: a duba wanda ya fi kamawa a hanyoyin da ɓarawo zai bi, wato ta Ɗan Isa, ta Madarunfa da Gabi, ta Tibiri da Gidan Rumji, ba wanda ya fi kamawa a ɗakin mai moto ba. A yi wa layin rajista da sunan mai moton da takardar shaidarsa. Kada a karɓi layin da mai shago ya zaro daga aljihu, domin ranar da ya toshe ko ya ɓace ba za a iya sabunta shi ba, in kuma magana ta kai ga bincike, sunan wani ne zai fito. Kafin a sa shi, a ɗora shi a salula a cire lambar PIN. Wannan ƙaramin abu shi ne ke sa a wuni ana zagin na'ura alhali lafiyarta lau.

Sai abin da ya fi kashe tiraka a garin nan, wanda ba ɓarawo ba ne, ba zafi ba ne: ƙarewar forfe. Mutum ya saya mata na wata guda ranar ɗauri, ya manta. Bayan wata huɗu a ɗauke moto, ya buɗe taswira ya tarar ɗigon yana nan a ƙofar gidansa tun kwana 90 da suka wuce. Tana buƙatar abu biyu a layin, mega don taswira da kiredi don saƙo. In mega ta ƙare amma akwai kiredi, za ta iya amsa saƙo. In babu kiredi, ko an yanke mata wuta ba ta da bakin da za ta yi kururuwa.

Ana saita ta da saƙonni, lambar sirrinta ta asali kuma 0000 ce. A rubuta lambar salular mai moto, a manna 0000, a bar fili, a sa 1, a aika: wannan ya naɗa shi mai gida, shi za ta riƙa kai wa ƙara. 6690000 yana dawo da mahaɗin taswirar Google na inda take. 8030000, fili, sai sunan APN na kamfanin layin, shi ke buɗe mata intanet, sunan kuma ana ganinsa a saitin kowace salula mai layin kamfanin. 8050000 da adadin daƙiƙa yana faɗa mata tazarar rahoto. 9400000 yana kashe inji, 9410000 yana sake shi. RCONF yana zayyano duk saitin da ke cikinta, kuma shi ya kamata mai saye ya aika a gaban mai ɗauri kafin ya biya, don ya ga ko lambar wani ce aka bari a matsayin mai gida. Game da tazara, daƙiƙa 20 zuwa 30 ta fi dacewa da moto. A gudun kilomita 60, moto yana cin mita 500 a daƙiƙa 30. In aka sa minti 5 don tsimin mega, ɗigon da kake kallo yana bayan ɓarawo da kilomita 5, ya wuce mararraba uku kana nan kana nuna wa ɗan sanda ta farko. A kuma daidaita agogonta da na Nijar, awa guda gaba da agogon GMT. Tarihin tafiya da ke cewa an tada moto ƙarfe 2 alhali mai gadi ya ce ƙarfe 3 yana rikita rahoto tun daga layin farko.

Wurin da ya kamata a daɗe shi ne ɗaurin rile, domin a nan yawancin masu ɗauri ke kwafsawa. Takardar cikin kwali an rubuta ta ne da mota a zuciya, tana maganar yanke famfon esansi. Kasea, Haojue, Royal, Boxer da ire-irensu da suka cika titunan Maradi galibi na kafireto ne, esansi yana gangarowa daga tanki da kansa, babu famfon da za a yanke. Abin da za a yanke shi ne wutar fulogi, kuma sai an san irin CDI ɗin moton, wato ɗan akwatin da ke tura wa fulogi wuta. In CDI ɗin yana shan wuta daga batir, a sa rile a kan wayar da ke kawo masa wuta daga kontak, shi ke nan. In kuwa irin wanda ke shan wuta kai tsaye daga kwayil ɗin inji ne, kamar yadda da yawa cikin masu injin 125cc suke, to yanke wayar batir ba ya hana shi komai: fitilar sigina da ham su mutu, ɓarawo ya buga kik ya yi gaba. A irin wannan sai a sa rile a kan wayar da ta taso daga kwayil zuwa CDI. A tsarin waya irin na Honda, wanda masana'antun Sin da yawa suka kwafa, baƙa ce mai jan layi, amma kada a dogara da launi a moton da ya sha hannun makanikai, a auna da mita. Gwajin sanin iri ba shi da wuya: a cire kan batir a buga kik. In ya tashi, injinsa ba ya jiran batir.

Rile ɗin da ke zuwa da ita a rufe yake in ba a taɓa shi ba, wato wuta tana wucewa har sai an aiko umarni. Wannan tsari ne mai kyau, don ko tiraka ta mutu moto zai ci gaba da tafiya. Illarsa ita ce duk wanda ya gano na'urar ya tsinke ta, inji ya dawo hannunsa. Wayoyin rile huɗu ne, farar tana zuwa wutar kontak, rawaya tana haɗuwa da rawayar na'ura, koraye biyu su ne bakin wayar da aka yanke. Haɗin nan a yi shi da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗe waya da hannu a naɗe da salatif yana yin wata biyu, sannan girgizar hanyar laterit ta sassauta shi, moto ya fara mutuwa a tsakiyar titi da fasinja a baya, a ɗora wa tiraka laifi a cire ta. A sa fiyus na amfiya 1 ko 2 a kan jar wayar, kusa da inda aka ɗebo wutar. Wayar da ba fiyus a ƙarƙashin tankin esansi ba abin wasa ba ce.

Maganar kashe inji kuma a yi ta da hankali. Kafin a aika 9400000 a duba gudun da taswira ke nunawa. Moton da aka ɗauke wa wuta yana tsakiyar wuce babbar mota a hanyar Zinder zai iya kashe wanda ke kai, ya haɗa da wanda bai ji ba bai gani ba. Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da ya tsaya ko yake tafiyar hawainiya, kuma gara a wurin da jami'ai suka kusa. Kashe shi da wuri a inda babu kowa gargaɗi ne kawai ga ɓarawo cewa akwai abin nema a jikin moton, zai tura shi bayan wata katanga ya ɗauko sukurdireba.

Batir ma yana da nasa lissafi. Na moto ƙarami ne, amfiya 5 zuwa 7. Na'urar da ke cin miliyamfiya 40 ba dare ba rana tana shanye kusan amfiya 1 a kwana guda, wato kwana uku a ajiye sun isa su hana sitata juyawa. Ɗan kabu-kabu da ke fita kullum ba zai lura ba. Ma'aikacin da ya kulle moto ya tafi Yamai mako biyu zai dawo ya tarar batir ya kwanta, tiraka ta yi shiru tun kwana na biyar ko na shida. Wayar kontak ruwan lemo ita ke sanar da na'urar cewa an kashe inji don ta rage ci, masu ɗauri da yawa kuwa suna barinta a sake ko su haɗa ta da ja don sauri. Mai moto ya tsaya a kai a haɗa ta daidai. A cikin na'urar akwai ɗan batir na miliyamfiya 150, aikinsa ya ba ta damar aika saƙon an yanke mini wuta, ta ƙara 'yan rahotanni. Kada a sa ran ya wuce awa guda, bayan ya sha zafin Afrilu da Mayu sau biyu kuma, inda ma'auni ke haura digiri 40, zai ragu sosai. Wannan shi ne rauninta mafi girma a wurinmu, kuma ba shi da magani sai ɓoyo mai kyau.

Ƙarƙashin kujera kusa da batir, nan kowa ke sawa, nan kuma ɓarawo ke fara ɗagawa. Ƙarƙashin tanki ya ɓoyu amma ƙarfe ya rufe mata sama. Abin da ake nema shi ne wurin da roba ce kawai tsakaninta da sararin sama, nesa da inji da salansa: bayan fitilar gaba, cikin robar wutsiya, ko bayan agogon gudu in akwai fili. Fuskar da ke da eriya ta kalli sama. Wayoyinta a cusa su cikin ainihin damin wayar moton a naɗe da baƙin tef iri ɗaya, kada a ga jar waya sabuwa fil tana fita daga kan batir tana nuna hanya. An ce ba ta shan ruwa, jikinta kuwa ba ya sha, amma murfin ramin layi in bai zauna daidai ba, ruwan Agusta da tiyon masu wanki za su same shi. Wani abu da ba a cika faɗa ba: wanda ya ɗaura ya san inda take, yaransa na garaji ma sun sani. A zaɓi mai ɗauri kamar yadda ake zaɓen wanda za a bar wa makullin shago.

Manhajar SinoTrack Pro tana aiki daidai gwargwado. Tana nuna gudu, da tarihin tafiya, da inda aka tsaya da tsawon tsayuwar, ana kuma iya zana da'ira a ce in moto ya fita a sanar. Da'irar nan ta fi ƙararrawar girgiza amfani, wadda ke tashi duk sa'ad da akuya ta goga jiki da moto har mai shi ya gaji ya kashe ta. Matsalar manhajar ita ce ƙofarta. Sunan shiga shi ne lambar da ke manne a bayan na'urar, kalmar sirri ta asali kuma 123456 ce ga kowa. A watan Yuni na 2025 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta fitar da gargaɗi a kan na'urorin SinoTrack saboda wannan: duk wanda ya san lambar na'ura, in ba a canza kalmar sirri ba, zai iya ganin inda abin hawa yake, har ya kashe injinsa in an ɗaura rile. Ma'anarsa a nan gida ita ce yaron shago da ya ɗauki hoton kwalin ya san inda motonka ke kwana. A canza kalmar manhaja ranar farko, a canza 0000 ta saƙo ma: 777, sai sabuwar lamba huɗu, sai tsohuwar, a haɗe. Daga nan duk inda umarni ke da 0000, sabuwar za a sa a madadinta. A kwafe lambar na'ura a takarda a adana, a kankare ta bayan robar.

Yanzu ranar da abin ya faru. Na'urar ba ta da wata igiya da ta haɗa ta da komisariya, babu wani allo a ofishin 'yan sanda da zai yi ƙara don an taɓa motonka. Kai ne igiyar. Lambar 'yan sanda 17 ce, amma kira kaɗai ba ya wadatarwa, sai an je da ƙafa an shigar da ƙara. Aikin yana son mutum biyu: ɗaya ya zauna inda rezo ke da ƙarfi, idonsa a kan taswira, ɗaya ya tafi wurin jami'ai da salula mai caji. Mutum guda da ke bayan moto yana tsalle a ramuka yana ƙoƙarin karanta taswira cikin rana ba ya iya ko ɗaya. A hannun mai zuwa komisariya a sami kart giris, da takardar sayen moto, da lambar shasi da ta inji, da lambar filaki, da takardar shaidarsa. Duk waɗannan a ɗauke su hoto tun yau a ajiye a salula, don mutane da yawa a ƙarƙashin kujerar moton suke ajiye takardun, ɓarawo ya tafi da kaya da shaidar kaya. Ɗigo a taswira ba ya tabbatar da cewa moton naka ne. Lambar shasi ce ke yi, ita ce kuma ake shigarwa a rajistar abin hawan da aka sace, irin ta SIPAO, tsarin tattara bayanan 'yan sanda da Interpol ta fara kafawa a Afirka ta Yamma a 2012, wanda Nijar na cikin ƙasashen farko da aka gwada shi.

Yadda ake faɗa wa jami'i wuri yana da muhimmanci. Kada a ce yana wajen unguwar Ali Ɗan Tsoho a yi shiru. A tura masa mahaɗin taswira ta WhatsApp, a faɗi lokacin rahoton, da gudun, da inda ya dosa. Lokacin ne mutane suka fi mantawa su duba. Na'urar da ta rasa taurari tana maimaita wurin ƙarshe da ta sani, sai a zaci moton yana nan alhali rahoton na minti 40 da suka wuce ne. Wani lokaci kuma tana ba da wurin eriyar salula da take jin magana da ita, wanda a cikin gari zai iya kaucewa da ɗaruruwan mita, a ƙauye da kilomitoci. Maradi tana wajen 13.50 arewa, 7.10 gabas. A lambobin nan, bambancin 0.001 kimanin mita 110 ne, don haka wanda ke karanta su ta waya kada ya yanke wutsiyar, a faɗi aƙalla lamba biyar bayan ɗigo.

In ɗigon ya bar gari, hurumi ya canza. Cikin birni aikin 'yan sanda ne, karkara galibi na jandarmomi ne, bakin iyaka kuma akwai 'yan sandan iyaka da kwastan, ga rundunar sintirin iyaka ta 'yan sanda, CMCF, da ke da sansani a Maradi. Jami'in da ya karɓi ƙararka shi ya san wanda zai kira a gaba, kiransa kuma ya fi naka nauyi. Abin da zai taimake shi shi ne ka gaya masa da wuri cewa moton ya hau hanyar Ɗan Isa ko ya karkata Tibiri, tun yana da sauran kilomita 25 a gabansa. Tare hanya a gaba ya fi bin baya, kuma a nan ne tiraka ta fi nuna amfaninta.

In ɗigon ya tsaya a cikin unguwa, sai a tuna mita 10 ɗin nan. Shiga gidan mutum bincike aikin jami'in shari'a ne bisa ƙa'ida, ba na mai moto da abokansa ba. Ƙungiyoyin WhatsApp na 'yan kabu-kabu suna da amfani wajen baza hoton moto da lambarsa, amma jefa wurin da yake a rukunin mutum 200 yana jawo abu biyu: taron da zai iya faɗa wa gidan maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba, da kuma kunnen da zai kai wa ɓarawo labari. Wurin ya tsaya tsakanin mai moto, da shugaban tasha in ya zama dole, da jami'in da ke riƙe da maganar. Kafin a rufe manhaja a ɗauki hoton tarihin tafiyar da lokutansa, don wuraren da aka tsaya a hanya sukan fi wurin ƙarshe amfani ga mai bincike. Wanda kuma ya ba yaro moto haya ya gaya masa akwai tiraka a jiki, ba sai ya nuna masa inda take ba. Liƙa ta a abin hawan wani a ɓoye don bin diddiginsa magana ce dabam, Nijar tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP da ke kula da ita.

Bayan iyaka labari ya sauya. Taurari ba su san iyaka ba, na'urar za ta ci gaba da sanin inda take har Jibiya da Katsina, amma forfen Nijar ba ya aiki a rezon Najeriya. Taswira za ta daskare a wurin ƙarshe. Abin da ya rage shi ne saƙon 669 na tambayar inda take, shi ma sai in layin yana da izinin yawo a waje kuma akwai kiredi na gaske a ciki, ba kyautar forfe ba. Tun kafin a tsallaka ma, a ƙauyukan bakin iyaka layi yakan kama eriyar ƙetare ya bar ta gida, sai ka ga moto ya ɓace alhali yana cikin Nijar. Mai moton da ke zirga-zirga a yankin ya je ofishin kamfanin layin ya tambayi yadda ake buɗe yawon waje, ya bar aƙalla jika guda na kiredi da ba ya taɓawa, ya kuma gwada 669 da kansa ranar da ya je cin kasuwa ƙetare. Ko da saƙon ya dawo da wuri a Jibiya, ɗan sandan Maradi ba shi da ikon kamawa a can, sai ta hanyar takwarorinsa, wannan kuwa ba aikin awa guda ba ne.

Ga mai adaidaita ko ƙaramar mota, inda batir ya fi girma kuma maɓoya ta fi yawa, ST-901 ta fi sakewa, yawancin ƙorafin da ke sama ma ba su shafe shi ba. Ga moton da ke kwana a waje ko wanda ke aikin dare, a haɗa ta da sarƙa da kwaɗo mai kyau a ƙafar baya, don minti biyar da ɓarawo zai ɓata yana fama da ƙarfe suna cikin awa gudan nan. Wanda ke da hali ya sa biyu, ɗaya a inda za a gani a cire a yi murna, ɗaya a inda ba a zata ba, kowace da layin kamfani dabam. Ranar ɗaya ga kowane wata, sa'ad da ake sabunta forfe, a fito da moto fili a aika 669 a ga ko ɗigon ya faɗo a ƙofar gida, a tada inji a kan sanda a aika 940 a ji ya mutu, a aika 941 a sake tada shi, sannan a cire kan batir a jira a ga minti nawa saƙon yanke wuta zai ɗauka kafin ya shigo.